Daga Panteka zuwa Ingila: Ina sana'ar walda ta dosa?

Saƙon ya shigo ne da asuba, ina cikin ɗaura igiyar takalmin aiki. Muryar ɗan yayata ce daga Kaduna, yaron da ni da kaina na kai shi wurin koyon sana'a kafin in baro gida.

"Kawu, barka da asuba. Don Allah shawara nake nema. Ni fa waldar nan ta fara fita raina. Sati biyu ke nan ba mu ga wutar kirki ba, man janareta ya cinye ribar, ga shi an ce a ƙasashenku ma injuna ne ke yin aikin yanzu. Abokina ya ce in sayar da injina in cika kuɗi in karɓi Keke Napep. Me ka gani?"

Ban ba shi amsa a ranar ba. Na yini da maganar a raina, domin tambayar ta fi ƙarfin in ce masa "ka yi haƙuri" in kashe waya. Shekara goma sha huɗu na yi ina walda a Panteka da ke Kaduna, yanzu kuma ina shekara ta bakwai a wata masana'antar ƙere-ƙeren ƙarfe a arewa maso gabashin Ingila. Na ga sana'ar nan ta fuska biyu. Abin da na faɗa masa daga baya shi ne zan shimfiɗa a nan, don na san akwai iyaye da yayye da yawa a cikinmu, mazauna waje, da ake yi wa irin wannan tambayar.

Ranar da na sha kunya

Bari in fara da kaina. Lokacin da na iso ƙasar nan, da taƙamata na zo. A Panteka an san hannuna. Ƙofa, tagar ƙarfe, tankin ruwa, injin niƙa, bodin mota, babu wanda ban haɗa ba. Da aka kira ni gwaji sai na ce a raina, ai wannan shan ruwa ne.

Aka ba ni guntayen bututu biyu, aka kafe su a karkace, rabi tsaye rabi kwance, aka ce in haɗa su ba tare da na juya bututun ba. Shi ne gwajin da ake kira 6G, inda bututun ke jingine a kan digiri 45, kai ne za ka zagaye shi: ka yi walda ta ƙasa kana kallon sama, ka yi ta gefe, ka yi ta sama. Na gama, na goge, ɗinkin ya yi kyau a ido. Bayan kwana biyu mai dubawa ya kira ni, ya ɗora hoton da aka ɗauka na cikin waldar a kan fitila, irin hoton ƙashi da ake yi a asibiti. Ya nuna mini ɗigo-ɗigo baƙaƙe, ramukan iska ke nan da suka maƙale a ciki, da wani siririn layi inda ƙarfen bai narke ya kama ɗan'uwansa ba. Ya ce ban ci ba.

Wallahi ranar ban iya cin abincin dare ba. Shekara goma sha huɗu, a ce ban iya walda ba? Daga baya na gane cewa a gida ido ne alƙalinmu. In ɗinki ya kwanta, aka bi shi da garanda, aka shafa fenti, magana ta ƙare. A nan kuwa cikin waldar ake tuhuma. Sai da na koma makaranta ta yamma wata takwas, ina ɗaukar kaya a sito da rana, kafin na ci gwajin a karo na biyu.

A wannan makarantar malaminmu ya ba mu labarin da har yau bai bar kaina ba. A watan Maris na 1980, wani dandalin kwanan ma'aikatan haƙar mai da ake kira Alexander Kielland ya kife a Tekun Arewa, a ɓangaren Norway. Mutum 123 suka rasu daga cikin 212 da ke kansa. Da aka bi diddigi, sai aka tarar tsagewar ta faro ne daga wata 'yar ƙaramar walda mai kaurin milimita 6, wadda aka maƙala wata na'ura da ita a jikin ɗaya daga cikin ƙarafan da ke riƙe da ƙafar dandalin. Tun daga ranar na daina jin haushin masu duba aiki.

Shin robot zai ƙwace aikin?

Wannan ita ce fargabar ɗan yayata, kuma ita ce ake yawan yi mini a waya. Gaskiyar magana, robot ya daɗe da shigowa. Tun ƙarshen shekarun 1960 kamfanin General Motors a Amurka ya fara sa shi waldar ɗigo a jikin motoci. Yau duk babbar masana'antar mota da ka shiga, hannuwan ƙarfe ne ke yin dubban ɗigon waldar da ke riƙe da bodin mota guda. Wannan aikin ya tafi, ba zai dawo hannun mutum ba.

A wurin aikinmu ma an kawo guda biyu, irin ƙananan nan da ake ajiyewa kusa da mutum. Ka kama hannunsa ka nuna masa hanyar da zai bi, ka danna, shi ke nan ya haddace. In guntu ɗari biyu ne iri ɗaya, zai yi su ba gajiya, ba shan shayi, ba ciwon baya. Da aka kawo su hankalin kowa ya tashi. Amma ka san wa aka ɗora a kansu? Masu walda biyu da suka fi kowa daɗewa. Domin na'urar ba ta san ƙarfe ya yi tsatsa ba, ba ta jin ƙarar wutar ta sauya, in tazarar da ke tsakanin guntayen biyu ta ɗan buɗe sai ta ci gaba da aikinta a kan kuskure. Sai wanda ya san narkakken ƙarfe da idonsa ne zai gane ta kauce.

Sannan akwai inda ba ya shiga: gyaran tsohon bututu a cikin rami, ƙarƙashin jirgin ruwa, saman gini, lungun matatar mai inda sai ka kwanta da madubi a hannu kafin ka ga abin da kake haɗawa. Duk aikin da yau daban gobe daban, har yanzu na ɗan Adam ne.

Abin da ya fi damun masu masana'antu a nan ma shi ne rashin mutane. Tsofaffin hannu suna ritaya, yaran Turawa kuma ba sa son aikin zafi da hayaƙi. Ƙungiyar masu walda ta Amurka, wadda aka kafa tun 1919, ta yi ƙiyasin cewa ƙasar za ta buƙaci sababbin ma'aikatan walda fiye da 300,000 cikin 'yan shekaru masu zuwa. Birtaniya ma ta daɗe tana sa ƙwararrun masu waldar bututu cikin jerin sana'o'in da take ƙarancinsu. Ga ginin turakun injinan iska a teku, ga tashar nukiliya ta Hinkley Point C da ake ginawa, ga jiragen ruwa, kowanne walda yake ci.

Sai dai a lura da kalmar: ƙwararru. Wanda ake nema shi ne mai takardar gwaji, wanda ya iya TIG da MIG ban da waldar sanda, wanda zai kalli zane ya karanta alamomin da ke kai. Takardar ma ba ta dindindin ba ce. Duk wata shida sai an sa hannu cewa kana kan aikin, in ka yi sake ta mutu, sai ka sake zama gwaji.

Abin da hayaƙi ya yi wa maigidana

Bara da na je gida na ziyarci maigidana, mutumin da ya fara damƙa mini sandar walda ina ɗan shekara goma sha shida. Na same shi zaune a zaure, ya rame, tari ba ya barinsa ya kai ƙarshen magana. Na durƙusa na gaishe shi, sai da na faɗi sunana ya gane ni, don idon ya yi rauni.

Ya ce, "Ɗana, an ce can har abin rufe hanci ake ba ku?"

Na ce, "Maigida, har da hula mai hura iska. In ka cire ta ma sai a kore ka daga wurin."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Mu madara muka sani."

Haka ne kuwa. A Panteka in ka yini kana haɗa ƙarfe mai rufin tutiya, dare ya yi zazzaɓi ya rufe ka, sai a ce sha madarar gwangwani. In hasken walda ya ƙone maka ido, ka farka tsakar dare kamar an zuba maka yashi a ciki, sai a yanka ɗanyen dankali a ɗora maka. Gilashinmu baƙin tabarau ne na kasuwa, wani lokacin ma runtse ido kawai muke yi mu ɗiga. Mun ɗauka jarumta ce.

Ni ba likita ba ne, ba zan yanke hukunci kan ciwon maigidana ba. Amma ga abin da aka tabbatar. A 2017 hukumar binciken cutar daji ta duniya, wadda ke ƙarƙashin WHO, ta sa hayaƙin walda a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam, musamman na huhu. Hasken waldar ma an sa shi a wannan rukunin saboda abin da yake yi wa ido. A 2019 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta tsaurara doka: ko baƙin ƙarfe na yau da kullum kake haɗawa, dole a samar da abin zuƙe hayaƙi ko abin rufe hanci da ya dace, ko da a waje kake aikin. Akwai kuma sinadarin manganis a cikin hayaƙin, wanda in ya taru a jiki yana taɓa ƙwaƙwalwa, har hannu ya riƙa rawa. Madara ba ta maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ga kuma mutuwar farat ɗaya. Ina yaron shago aka kawo wa wani maƙwabcinmu tankin mai ya toshe ɓula. Mai tankin ya rantse ya wanke shi. Tartsatsin farko ne ya tashi da shi, domin tururin man da ya rage a tankin da babu komai ya fi cikakken tanki haɗari. Ya bar mata da 'ya'ya uku. Yanzu da motoci ke komawa gas ɗin CNG a Najeriya, tsorona ya ƙaru. Tukunyar CNG tana ɗaukar matsin da ya kai ba 200, kuma ƙarfenta guda ne, ba shi da ɗinki. Duk wanda ya kawo maka tukunyar gas ya ce ka yi mata walda ko ka ƙera masa wata, ko nawa zai biya, ka ce masa Allah ya ba da sa'a a gaba.

Matsalar gida daban take

Da na zauna na yi lissafi da ɗan yayata, sai na ga robot ba ya cikin abokan gabansa ko kaɗan. Na farko wuta ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin tayar da janareta ya ninka. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit. Mai walda kuwa ba shi da sana'a in ba wuta.

Na biyu ƙarfe. Tun 1979 aka fara ginin kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, har yau bai kai ga narka tama ya fitar da ƙarfe yadda aka tsara ba. Faranti da bututu masu kyau daga waje suke zuwa, farashinsu na bin dala. Ka yi ciniki da mutum yau, kafin ka je kasuwa jibi kuɗin kayan ya tashi, ribar ta tafi, wani lokacin har da uwar kuɗi.

Na uku ƙofofin da ake shigo da su daga Chana da Turkiyya. Mai gini yana ganinsu sumul, da makulli da fenti, sai ya wuce shagon mai walda. Ƙofa da taga kuwa su ne tuwon yau da kullum na yawancinmu.

Na huɗu shi ya fi yi mini ciwo. Manyan ayyuka suna zuwa har ƙofar gidanmu, amma mu 'yan kallo ne. Bututun gas na AKK, daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614 ne, kuma kowace gaɓa a jikinsa walda ce da sai an duba cikinta. Lokacin ginin matatar Dangote a Legas an yi ta muhawara a jaridu kan yawan ƙwararrun da aka ɗauko daga Indiya da wasu ƙasashe. Mutum zai iya yin fushi, amma ni da na faɗi gwajin 6G na san inda gizo ke saƙar. Hannu muna da shi. Duk wanda ya shiga Panteka, ko Suame Magazine a Kumasi inda 'yan zango da yawa ke aiki, ko kasuwar Katako a Yamai, ya ga yadda ake mayar da tarkacen ƙarfe injin aiki, ya san basira ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da babu shi ne horo a kan ƙa'ida da takardar da za ta tsaya mana a gaban injiniya.

Misali ƙarami: shekara da shekaru ina amfani da sandar 6013 a kan komai, don ita ce mai arha da sauƙin kamawa. Ban san cewa aikin da zai ɗauki nauyi yana son 7018 ba, ban kuma san ita 7018 ɗin sai an ajiye ta a cikin akwatin ɗumi ba, domin in ta sha raɓa waldar na iya tsagewa daga baya. Mu a ƙasa muke zubar da kwalin, damina da rani. Ba wanda ya taɓa gaya mana.

Sabon kaya, sabon haɗari

Wani abin da ke tafe shi ne injin walda na leza mai kama da bindiga, wanda kamfanonin Chana ke sayarwa, farashinsa kuma kullum sauka yake yi. Kun ga bidiyonsa a TikTok da Facebook: a ja shi a kan siririn ƙarfe, ɗinki ya fito kamar an zana. A kan ƙarfe marar kauri yana da sauri ƙwarai, kuma yaro zai iya koyonsa cikin kwanaki. Ba na shakka zai iso kasuwanninmu da yawa.

Ga gargaɗina. Hasken da ke yin aikin ido ba ya ganinsa, kuma yana iya dukan ƙarfe mai sheƙi ya koma kan wanda ke tsaye a gefe. Gilashin walda na yau da kullum ba ya tare shi. A nan sai a cikin ɗaki rufaffe ake kunna shi, da tabarau na musamman. Ka auna yadda muke aiki a bakin titi, yara na wucewa, mai talla na tsaye tana kallo. In ya shigo ba tare da ilminsa ba, makafi za mu tara.

Amsar da na ba shi

Bayan kwana uku na kira shi. Na ce kada ya sayar da injin. Na ce ƙofa da taga kaɗai ba za su riƙe shi nan da shekara goma ba, sai ya duba inda ake bukatar hannu: ƙarafan ɗora farantan sola, hasumiyar tankin ruwa, injinan casar shinkafa da sussukar masara, gyaran kayan noma. Waɗannan ba a shigo da su a kwali daidai da bukatar kowa, sai an auna an ƙera.

Na ce ya nemi takarda. Hukumar NBTE, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna kusa da shi, tana da tsarin da ake auna abin da mutum ya koya a wurin aiki a ba shi shaida. Akwai Cibiyar Horar da Ma'aikatan Man Fetur da ke Effurun a jihar Delta, inda ake koyar da walda a kan ƙa'ida. Daga nan sai ya tara kuɗin gwajin bututu. Ko bai taɓa barin Najeriya ba, wannan takardar ce za ta raba shi da layin masu jiran a kira su aikin ƙofa.

Ya ce, "Kawu, to ni ma ba za ka jawo ni can ba?"

Na ce masa dokokin biza a ƙasar nan sauyawa suke yi kusan kowace shekara, kuma duk dillalin da ya ce ka kawo miliyoyi ya samo maka aikin walda ba tare da kamfani ya gwada hannunka ba, kuɗinka yake so. Ka fara zama wanda ake nema tukuna, sauran na Allah ne.

Mu kuma da ke waje, akwai namu. Mun saba tura kuɗin Sallah da na biki, kuma yana da kyau. Amma in kana da ƙani ko ɗa mai walda, sa masa hular walda mai duhunta kanta a cikin kayan da za ka aika, da abin rufe hanci na gaske da matatansa, da safar hannu ta fata. Kuɗinsu bai kai na wayar da muke kai tsaraba ba. In da hali, ka ɗauki nauyin kwas ɗinsa. Mu shida masu walda da muka san juna a nan mun fara haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, muna biya wa yaro ɗaya a lokaci guda.

Ɗan yayata bai sayar da injin ba. Satin da ya wuce ya turo mini hoton gwajin da ya yi a kan guntun bututu, ya yanka shi gida biyu don in ga cikinsa. Akwai ramuka uku a ciki. Na zagaye su da jan layi na mayar masa, na ce ya rage gudun hannu, ya goge tsatsar kafin ya fara, ya sake turo wani ranar Juma'a.